Motar da ke Jan Sitiyari Gefe Ɗaya: Abin da Muka Gano Tsakanin Sokode da Dapaong

Mota ba ta nuna halinta a fakin sayar da motoci na Lome. A can za a tayar maka da inji, a taka totur ka ji ƙara, a buɗe bonet ka ga an wanke komai fes. In dillali mai kirki ne, ya bar ka ka zaga da ita tsakanin layukan motoci a giya ɗaya ko biyu. Jan sitiyari kuwa ba ya fitowa a irin wannan tafiyar hawainiya. Sai ka biya, ka gama da duwan, ka hau babbar hanya ta ɗaya ka miƙi arewa, ka wuce Notse ka doshi Atakpame, sannan hannunka zai fara gaya maka abin da ba a gaya maka ba wajen ciniki.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020, inda ta ce tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kusan kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Tashar jirgin ruwan Lome tana cikin manyan ƙofofin da suke shigowa, wasu su tsaya a Togo, wasu su wuce Burkina Faso da Nijar da Mali. Kowace ɗaya ta yi rayuwarta a wani gari kafin ta zo hannunmu, ta faɗa ramin da ta faɗa, ta daki dakalin da ta daka, kuma babu takardar da ke biyo ta da wannan labarin.

Ƙanina, wanda ke zaune a Dapaong yana harkar hatsi da albasa tsakanin can da Sinkase, ya sayi Corolla ƙirar 2008 a watan Janairun da ya wuce. Kuɗin ba nasa ba ne shi kaɗai, akwai kwasar adashin matarsa a ciki, akwai kuma abin da ya ranta a wurina. Wanda ya yi masa dillanci surukinmu ne. Ya iso Sokode da la'asar, bayan tafiyar kilomita kusan 340, ya fito yana murza kafaɗa.

"Yaya, motar nan kokawa muke yi tun daga Atakpame. Da na ɗan sassauta hannu sai ta nufi daji ta dama."

Shirinsa ya kwana, da safe ya ɗauki Hajiya mahaifiyarmu da yarana biyu su wuce Dapaong, domin matarsa ta haihu, saura kwana uku suna. Na ce masa Hajiya ba za ta shiga motar nan ba sai mun san abin da ke janta. Wanda ya san hanyar ba zai ce na cika tsanani ba. Kilomita kusan 300 ne, akwai hawa da gangaren Alejo kafin Bafilo, akwai na Defale bayan Niamtugu, ga tireloli masu zuwa Wagadugu suna cin rabin titi, sai miƙaƙƙiyar hanyar Kante zuwa Mango inda barci ke satar direba. Tun watan Yunin 2022 kuma yankin Savanes yana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci saboda tsaro, ba wurin da mutum zai so dare ya riske shi a gefen titi da tsohuwa da yara ba ne. Jan sitiyari shi kansa yana gajiyar da hannu da hankali, amma abin da na fi tsoro shi ne abin da ke bayansa, domin sau da yawa ɗan aike ne: wani ƙarfe a ƙasa yana sallama kafin ya tafi.

Ni kayan mota nake sayarwa a Sokode shekara da shekaru. Wato ribata tana cikin a ce maka canza wannan, canza wancan. Amma na ga mutane da yawa sun zo shagona sun sayi shokozoba biyu da kan tayarod da boris, sun ɗaura, sun dawo bayan mako motar tana nan tana ja, alhali maganin abin iskar dala ashirin ce. Saboda haka ba na barin nawa ya sayi ko noti ɗaya sai an bi abin daga mai arha zuwa mai tsada.

Kafin a taɓa sifana, tambaya ake yi, domin abu uku mutane ke haɗawa su ce mota tana ja. Akwai motar da ke tafiya miƙe sarai, sitiyarin ne kawai ya karkace, tambarin da ke tsakiyarsa yana kallon gefe. Wannan ba ja ba ne, saiti ne. Akwai wadda ke zamewa dama a hankali, sai ka yi tafiya mai ɗan nisa kafin ta kai bakin titi. Wannan sau da yawa laifin hanya ne, domin ana gina kwalta da doro a tsakiya, tana gangarawa gefe kimanin santimita 2 a kowace mita don ruwan sama ya sauka, mu kuma a Togo hannun dama muke bi. Sai ta ukun, wadda dole ka riƙa danne sitiyari kullum kamar mai jan akuya zuwa kasuwa. Bayan haka sai a tambaya: yaushe take yi? In sai an taka birki ne, a nemi birki. In ta ja nan idan an ba ta wuta, ta ja can idan an saki totur, to wani roba ko haɗi ya saki a ƙasa, ƙafar tana wasa gaba da baya. Ƙanina ya ce tasa kullum ce, da wuta da babu wuta.

Da sassafe muka fita hanyar Camba, inda motoci ba su da yawa. A gudun kilomita 60 na sassauta riƙo, ban saki sitiyarin gaba ɗaya ba, kuma kada kowa ya saki. Kafin in ƙirga uku ta bar layinta. Da muka sami wuri miƙaƙƙe, ba kowa gaba ba kowa baya, na koma tsakiyar titi na hau doron, nan ma dama ta nufa. Hanya ta fita daga zargi kenan. Ƙanina ya kawo maganar iskar hunturu, na ce a'a. Hunturu daga arewa maso gabas yake busowa, mai tafiya arewa daga Lome hagu zai tura shi, ba dama ba.

Sai iskar taya. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai 'yar takarda da kamfani ya manna, ta rubuta iskar da ta dace, tamu ta ce 2.2 a gaba, abin da masu faci ke ce wa kilo biyu da biyu. Ana auna ta ne taya tana sanyi, domin in ta yi tafiya ta ɗauki zafi awon yana hawa. Muka bari ta huce muka sa geji. Ta hagu 2.5, ta dama 1.7. Tayar da ta yi laushi tana shimfiɗewa a ƙasa, ta fi 'yar'uwarta jan ƙasa, kuma ta ɗan fi ta gajarta, sai motar ta bi ta. Wani mai facin ƙarfe kawai yake buga wa taya ya saurari ƙara ya ce ta yi. Kunne ba ya jin bambancin rabin kilo. Geji na aljihu bai kai kuɗin lita biyar na mai ba, kowane mai mota ya kamata ya ajiye nasa.

Muka daidaita su, muka koma hanya. Jan ya ragu kamar da rabi. Ƙanina har ya fara murna yana cewa a je a ɗauko Hajiya. Amma rabi ya rage, kuma wannan rabin ne ya cinye mana kwana biyu.

Birki ba mu daɗe a kansa ba. Mun yi tafiyar kilomita goma ba tare da yawan taka shi ba, muka gangara muka tsaya, na kai bayan hannuna kusa da kowane wili na gaba, kusa kawai, domin faifan birkin da ya kama yana iya sale fata. Idan kalifa ta cije, ko tiyon man birki ya toshe ta ciki ya hana mai komawa, wannan ƙafar za ta fi ɗayar zafi nesa ba kusa ba, har ka ji ƙaurin ƙuna, kuma motar can za ta riƙa ja. Namu duka biyun ɗumi ɗaya. Muka ɗaga da jak muka juya kowace taya da hannu, suna juyawa sakayau.

Daga nan muka dawo kan tayoyin su kansu. Ba iri ɗaya ba ne, kamar yadda aka saba gani a motocin da suka sauka daga jirgi: lambar girma ɗaya, 195/65 R15, amma kamfani daban, zane daban. A gefen kowace taya akwai rubutu da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta. Ta dama ta nuna 2015, ta hagu 2019. Taya tana iya zama lafiya a ido, amma wayoyin da ke cikinta sun ɗan zauna a karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu. Kwantar da bokiti a ƙasa ka gangara shi ka gani, ba ya tafiya miƙe, kullum sai ya lanƙwasa wajen gindinsa. Haka irin wannan tayar take yi wa mota. Gwajinta ba ya cin ko sisi: a mai da ta dama hagu, ta hagu dama. In jan ya koma ɗaya gefen ko ya ɓace, taya ce. Abu ɗaya za a lura da shi, akwai tayoyin da aka zana wa kibiya a gefe, musamman na lokacin ƙanƙara da ke zuwa daga Turai, waɗannan gefe ɗaya suke juyawa, in an sauya su don gwaji sai a mayar. Namu babu kibiya, muka sauya muka bar su haka. Motar ta ci gaba da jan dama, ba ƙari ba ragi.

"To ai an yi mata saiti a Lome, Yaya, na biya kuɗi, a gabana aka yi."

Nan ne mutane suka fi asarar kuɗi, don haka bari in ɗan tsaya. Abin da makanikan nan ke kira paralelisim, 'yan'uwanmu na Najeriya su ce alayimen, ba abu ɗaya ba ne, kusurwa uku ce. Ta farko ita ce yadda bakin tayoyin gaba ke kallon juna ko ke buɗewa, kamar mai tafiya yana tsuke yatsun ƙafa ko yana wara su. Ita ake gyarawa da murɗa tayarod, kuma ita kaɗai yawancin masu saitin gefen hanya suke taɓawa. In ta ɓaci tana cinye taya, tana karkatar da sitiyari, amma da wuya ita kaɗai ta sa mota ja. Ta biyu ita ce tsayuwar taya in ka kalle ta daga gaba, ko samanta ya jingina ciki ko waje, masu Turanci su ce kamba. Mota tana bin gefen da saman tayarsa ya fi jingina waje, kamar yadda keke ke bin inda ka karkata. Ta uku ita ce kasta. Dubi ƙahon gaban babur, ba a tsaye yake cak ba, ƙasansa ya miƙa gaba, samansa ya kwanto baya. Wannan kwanciyar ce ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan ka sha kwana. In ta gefe ɗaya ta ragu, motar can za ta nufa, kuma bambancin kusan rabin digiri tsakanin hagu da dama ya isa direba ya ji shi a hannu.

A irin waɗannan ƙananan motocin babu notin da aka tanada don gyara kasta. Daga kamfani aka ƙera ta a daidai. In ka ga ta kauce, to wani abu ya lanƙwashe ko ya cinye, kuma ko sau goma ka biya kuɗin saiti ba za ta dawo ba. Akwai masu dabarar ɓoye abin: a rage wa ɗaya tayar iska don ta ja ta ɗaya gefen su yi kunnen doki, ko a cire sitiyari a mayar da shi a miƙe. Mai mota ya tafi yana godiya, ciwon yana nan.

Muka kai ta wurin wani dattijon makanike a wajen Didaure, wanda na fi shekara goma ina tura masa mutane. Bai ɗauko wata na'ura ba. Ya sa aka ajiye motar a kan siminti mai laƙai, aka miƙe sitiyari, ya zura yatsunsa tsakanin bayan tayar gaba da jikin mota. Ta hagu yatsu huɗu suka shiga, ta dama uku da ƙyar. Ya aiki yaronsa ya aro tef a wurin tela, aka auna daga tsakiyar wilin gaba zuwa tsakiyar na baya. Wannan ƙirar santimita 260 ce tsakaninsu. Hagu ta ba da haka. Dama ta gaza da santimita ɗaya da rabi. Ƙafar dama ta koma baya kenan, kastarta ta ragu.

Ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙasa da tocila, can sai ya ce, "Alhaji, sunkuyo ka gani da idonka."

Ƙarfen nan mai kusurwa uku da ke riƙe ƙafa daga ƙasa, wanda ake ce wa tiriyangil a nan, a Kano lowa am, ya lotsa a tsakiya, robar da ke gindinsa na baya kuma ta yage.

"Baba, ko a hanyar zuwa ya faɗa rami?"

"A'a. Dubi tsatsar da ke cikin lotsawar. Bugun jiya ƙarfe yake bari yana ƙyalli. Wannan ta daɗe da shan nata, tun kafin ta hau jirgi."

Bai tsaya nan ba, kuma wannan ne ya sa nake son aikinsa. Ya duba shokozoba ko ta lanƙwashe, ya girgiza ƙafar sama da ƙasa da gefe da gefe yana neman wasa a rotil da boris, ya bi ƙarfen shasi da tocila yana neman tattarewa ko sabon walda, ya duba notocin da ke riƙe gadon inji ko sun gusa daga tsohon gurbinsu. Ya auna tsayin motar daga ƙasa a kusurwa huɗu, ko wani sifirin ya karye. Alhamdu lillahi shasi lafiya lau. Da a can ne ɓarnar take, da magana ta canza, domin motar da shasinta ya karkace sai dai a yi ta lallaɓawa, tana cin taya har ranar da za a rabu da ita.

Yaron garejin ya kawo shawarar a sa wuta a miƙe ƙarfen, an fi samun sauƙi. Dattijon ya harare shi. Ƙarfen da ya lanƙwashe aka gasa shi aka miƙe ya rasa ƙarfinsa, ranar da zai karye ba zai yi shawara da kowa ba, kuma in ya karye ƙafar ce ke ficewa daga ƙarƙashin mota. Muka sa sabo. Na lura bai ƙarasa ɗaure notocin robar ba sai da aka sauke motar ta zauna a kan ƙafafunta. In aka ɗaure su tana rataye a jak, robar a murɗe za ta zauna, wata kaɗan ta sake yagewa. Washegari aka hau da ita na'urar saiti mai kwamfuta, na ce a ba mu takardar awon, ta kafin gyara da ta bayan gyara. Duk mai biyan kuɗin saiti ya nemi wannan takarda, ya duba ko lambobin hagu da na dama sun yi kusa da juna, har da na ƙafafun baya, domin in baya ya karkace shi ma yana tura mota gefe. Da kaya da kuɗin aiki da awo, abin ya tasam ma jaka 50.

Saura maganar suruki. Tun daren farko ƙanina ya so ya kira shi ya zazzage masa, Hajiya ta hana. "Kada wanda ya kira min yaron nan sai an san gaskiyar abin. Mota ƙarfe ce, 'yata ce a gidansa." Da gaskiyar ta fito sai muka ɗauki hoton tsohon ƙarfen, tsatsar ta fito sosai, muka tura masa ta WhatsApp ba tare da wata doguwar magana ba. A fikihu, aibin da ya riga ciniki, wanda mai saye bai gani ba kuma ba a faɗa masa ba, yana ba shi zaɓin mayar da kaya. Amma motar da aka riga aka biya wa duwan, aka yi mata takardu, ta yi nisan kilomita ɗaruruwa, mayar da ita faki ba abu ne mai yiwuwa ba, kowa ya san haka. Ni kuma ban yi zaton ya sani ya ɓoye ba, dillali nawa ne ke kwanciya ƙarƙashin mota da tocila? Shi da kansa ya kira ya ce, "Yaya, wallahi ban gani ba," ya turo rabin la'adarsa. Aka rufe maganar a nan.

Ranar tafiya na tsaya a kan lodin kaya da kaina. Kakanninmu fatake da suka bi ta Mango da Didaure zuwa Gwanja neman goro sun san in mangala ta fi nauyi gefe ɗaya, jaki a karkace zai yi ta tafiya har bayansa ya yi gyambo. Mota ma haka take. Buhun shinkafa biyu da jarkar manja a gefe ɗaya na but, ga mutum biyu masu jiki a wannan gefen, sun isa su sa lafiyayyar mota ta ja. Muka raba nauyin, muka ƙara wa tayoyin baya iska yadda takardar ƙofa ta nuna don cikakken lodi. Ni na tuƙa har Kara, shi ya karɓa. Da yatsu biyu yake riƙe sitiyari a miƙaƙƙiyar hanyar Mango. Muka tsallake gadar Oti da rana tsaka, muka shiga Dapaong kafin la'asar, ana gobe suna.

Kwana huɗu bayan haka, ina shirin komowa, sai ga shi ya shigo da fuska a murtuke.

"Yaya, yanzu kuma hagu take ja."

Muka sa geji. Ta hagu ta sauka zuwa 1.6, kuma ita ce wadda muka ɗauko daga dama a Sokode. Wani mai faci kusa da kasuwa ya cire ta, ya nemi ƙusa bai samu ba, ya kaɗa ruwan omo ya shafa a bawul, shiru. Sai da ya juya ta ya shafa a leɓen wili na ciki, sannan kumfa ta fara tashi a hankali. Bugun da ya lotsa tiriyangil shi ne ya ɗan taɓa bakin wilin ta ciki, inda ido ba ya kaiwa, iska tana zurarewa kaɗan kaɗan. Dalilin 1.7 ɗin da muka tarar tun farko kenan. Da yake wilin na ƙarfe ne, ya gyaru, aka goge tsatsar bakin aka mayar. Da na alminiyam ne da sai dai a nemi wani, domin shi in aka buga masa guduma tsagewa yake yi.

Kafin in taho na sa shi ya sayi tayoyi biyu iri ɗaya ya sa a gaba. Ta 2019 ta koma baya. Ta 2015 kuwa ita muke jayayya a kai har yau: ni na ce a jefar, shi ya ce ta zauna a but a matsayin safaya sai an gama cinikin albasar bana.